Siririn Suna a Gefen Takarda

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na tsaya shagon Alhaji Laminu mai atamfa a unguwar Château Rouge ta birnin Paris in sha shayi, sai ɗan ƙanensa Bashir da abokansa 'yan jami'a suka tsare ni da tambaya. Wai shekara talatin da 'yan kai ina ƙasar nan, ba su taɓa sanin aikin da nake yi ba. Na ce musu gyaran tsohuwar takarda nake yi, galibi ta mutanen Japan. Bashir ya kwashe da dariya ya ce, "Tonton, donc liƙe-liƙe ke nan? Ai ko ni ka ba ni skoc da almakashi, gobe sai in buɗe shago."

Na ci gaba da shan shayina, don ba na son ya huce. Amma maganar ta bi ni cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har ɗakina a unguwar La Courneuve, kuma da yake ba ni da wanda zan yi wa mita a can, sai na ɗauko alƙalami. Ga amsarka, Bashir, kai da ire-irenka, in kuna da haƙurin karantawa, abin da nake shakka.

Da farko, skoc ɗin nan da ka ambata, wato salatif, shi ne babban maƙiyina bayan Shaiɗan. Rabin aikin da na yi a duniya ɓamɓare shi ne daga takardun da masu gaggawa irinka suka liƙa. Yana tsufa ya yi ja, mansa ya ratsa takarda, ya bar tabon da ba ya fita har abada. Mu da kunu muke liƙi. Sitacin alkama ake jiƙawa, a ɗora a wuta ana juyawa da muciya kusan awa guda ba tsayawa, in ya huce a tace shi da rariyar gashin doki, a yi ta murzawa da burushi cikin akushi har ya yi laushi. In ya yi kauri takarda ta tanƙware, in ya yi ruwa ta saki. Almakashi kuwa ba ya kusantar teburina. Takardar faci, wadda ake yi da ɓawon wani ice a Japan, layin ruwa ake ja mata da siririn burushi, sannan a yaga a hankali, don 'yan gashin bakinta su ne ke kama tsohuwar takarda. Faci mai kyau shi ne wanda in ka shafa da yatsa ido rufe ba ka jin inda ya fara.

Ni ɗan Damagaram ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, gyaran tsofaffin littattafai yake yi a zaure, yana ɗinka musu gafaka, kuma in ya ga harafi ya dushe sai ya bi kansa da alƙalamin kara ya tashe shi. Yakan ce harafin da ya kusa mutuwa amana ne a hannun wanda ya gan shi. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo mata.

Kasuwanci ya kawo ni birnin Lyon, kasuwancin ya watse, wanda ya kawo ni ya wuce Beljiyam ya bar ni da jaka ɗaya. Na samu aikin shara a wani ɗakin gyaran takarda da ke unguwar tudu, inda masaƙan siliki suka zauna a da. Mai wurin wata Bafaransa ce, Madam Odil, gajera, mai kaifin harshe, ta yi shekaru a Japan tana koyon sana'ar. Wata rana iska ta yar da wata yagaggiyar takarda daga tebur, na durƙusa na tallabo ta da tafin hannu biyu, yadda aka koya mana ɗaukar abu mai rubutu. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, sannan ta ce, "Isuhu, ajiye tsintsiyar nan." Na zaci kora ce. Ashe muciya za ta miƙo mini. Shekara biyu ina dama kunu kafin ta bar ni in taɓa takardar da ta girme ni, kuma a shekaru biyun nan abin da na fi ji daga bakinta shi ne, "Zubar, sake."

Yawancin abin da ake kawo mana hotuna ne masu launi, na mata da teku da duwatsu, su ne Turawa ke rububi. Amma ni abin da ya shiga raina shi ne wasu takardu baƙi da fari da suke kira banzuke. Tallar wasa ce. Mutanen Japan suna da wasan kwaikwayo na gargajiya, kabuki, maza zalla ke yin sa, har rawar mata su ke takawa. In za a fara sabon wasa sai a buga takarda mai ɗauke da sunan wasan da sunayen 'yan wasa, wani lokaci da zanensu, a manna a gari ko a sayar a ƙofa. Ba da inji ake bugawa ba. Marubuci ya rubuta, masassaƙi ya kifa rubutun a kan allon katako ya sassaƙe duk inda yake fari, mai bugu ya shafa tawada ya ɗora takarda ya murza da hannu. Abu ne na kwana kaɗan, kamar takardar gayyatar biki, shi ya sa wadda ta tsira ta kai shekara ɗari takan zo mana duk ƙwari sun yi walima a kanta.

Rubutun nasu kauri gare shi, baƙi ƙirin, a cunkushe, haruffa na lanƙwasowa ciki. Madam Odil ta ce da gangan ne: ba sa son barin fili a takarda don kada a samu kujera ba kowa a gidan wasa, kuma lanƙwasar ciki kiran jama'a ne su shigo. Ban da wannan, kaurin suna shi ne darajar mai shi. Babban ɗan wasa sunansa kamar taɓarya, na tsakiya daidai shi, ƙanana kuwa a matse su a gefe, siriri kamar zaren ɗinki. Kowa ya san tabarmarsa, kuma har faɗa ake yi a kan kaurin layi. Ta gaya mini wannan tun farko, na ji da kunne, amma bai sauka cikina ba. Har yau ban iya karanta ko harafi ɗaya nasu ba. Shekara talatin ina jinyar rubutun da ban san abin da yake cewa ba, kamar mai jinyar baƙon da ba sa jin yaren juna.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai dillalai, masu son a wanke takarda ta yi fari fat ta yi tsada, Madam takan kore su da baƙar magana. Akwai mutanen gidan tarihi masu safar hannu da dogon bayani. Akwai magada, waɗanda suka tsinci abu a akwatin kakansu ba su san kansa ba. Duk cikinsu ba mai shigowa ɗakin baya inda nake. A gaba ake karɓar aiki, a gaba ake godiya, ni dai nakan ji muryoyi ta bayan labule.

Aikin da ba zan manta ba ya zo ne a shekarata ta tara. Wata tsohuwa 'yar Japan, Madam Haruko, wadda ta auri Bafaranshe ya rasu ya bar ta a wani bene a Bron, a gefen Lyon, ta hau tiram, jirgin cikin gari, ta zo da takarda naɗe cikin ƙyalle. Banzuke ce, ta sha ninki har ta rabu huɗu, ƙwari sun cinye gefen hagu kamar rariya. Ita ba ta tsaya a gaba ba. Ta ce sai ta ga hannun da zai taɓa kayanta, ta ɗaga labule ta shigo, ta rusuna mini. Ni ma na rasa yadda zan yi, na rusuna. Ta sa ɗan yatsa can ƙasa a gefen hagu, dab da inda ƙwari suka tsaya, ta nuna wani suna siriri, ya dushe har sai ka ƙura ido. Ta ce da Faransancinta mai sanyi, "Wannan kakana ne. Ba mu da hotonsa. Gidanmu ya ƙone lokacin yaƙi, wannan ce kaɗai ta fita, a cikin rigar mahaifiyata."

Mako uku na yi a kanta. Na jiƙa ta da raɓar ruwa ta saki jiki, na haɗa gutsuren huɗu, na cike ramukan ƙwari ɗaya bayan ɗaya, na yi mata shimfiɗa ta baya da siririyar takarda. Aiki ya yi kyau, ko Madam Odil sai da ta ce "ba laifi", wanda a bakinta ya kai kirari. Sai ta tafi Paris kwana uku wajen wani gwanjo, ta bar ni da ɗaki.

Kullum na duba takardar sai idona ya faɗa kan sunan nan. Ga ƙattin sunaye sun yi bake-bake, ga dattijon mutane a rakuɓe a gefe kamar wanda ya zo cin arziki, yana shirin ɓacewa. Abin ya tsaya mini a rai. A wurinmu ba a yi wa kakan mutum haka, kuma muryar mahaifina na ta dawo mini. Ina da 'yar kwalbar tawada da nake haɗawa da kaina, ta gawayi da ƙaro irin ta allo, da alƙalamin kara da na zo da shi daga gida, ina rubutu da su ranar Lahadi don kewa. Na kawo su. Na bi sunan layi-layi yadda yake, ban kauce ko kaɗan ba, na tashe shi, na ɗan ƙara masa jiki don ya fito. Da na gama na ja da baya na duba, wallahi har daɗi na ji. Na ce yau tsohuwa za ta yi kukan murna.

Ranar da Madam Haruko ta zo karɓa, Madam Odil ta dawo da safen nan ke nan, ba ta ko duba aikin ba. Na buɗe takardar da kaina ina murmushi. Madam Haruko ta sunkuya, ta nemi gefen hagu, ta ƙura masa ido. Sannan ta ɗago ta ce, "Wannan ba kakana ba ne."

Na ce, "Shi ne, Madam. Sunan ya dushe ne, na tashe shi."

Ta girgiza kai. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Kakana ƙafar doki ne. In za a shigo da doki fagen wasa, mutum biyu ke shiga cikin rigar dokin, ɗaya gaba ɗaya baya, su ɗauki babban ɗan wasa a kansu. Shi na baya ne. Shekara arba'in yana sunkuye, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Mahaifiyata ta ce bai taɓa neman a ƙara masa ko gashi ɗaya a sunansa ba, kuma da wannan yake alfahari. Mai wannan kaurin suna wani ne da ke fitowa a yi masa tafi. Ka sa kakana ya zauna a wurin da ba nasa ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne. Madam Odil ta yi fari, ta buɗe baki za ta fara, sai ta fasa, ta matso ta shinshina takardar. Ta ce, "Da wace tawada?" Na kawo kwalbar. Ta ɗiga a wata takarda, ta bari ta bushe, ta taɓa da jiƙaƙƙen burushi, sai baƙin ya motsa. Ta dube ni ta ce, "Tasu ta shekara ɗari ba ta jin ruwa. Taka tana ji. Wautarka ta zo da sa'a, amma takardar wurin ta fi fatar albasa rauni. In ka goga sau ɗaya, sunan zai tafi gaba ɗaya, nata da naka. Ni ba zan taɓa ba. Kai ka ɓata, kai za ka gyara."

Madam Haruko ta ce za ta zauna ta gani. Kwana huɗu tana hawa tiram daga Bron kowace safiya, ta zauna kan kujera a kusurwa, jakarta a cinya. Ni kuwa ga yadda aikin yake: burushi mai gashi kamar biyar, ɗigon ruwa ƙarami, a taɓa a kan layi, a ƙirga uku, a ɗora takarda mai shan ruwa a danna da ɗan ƙashi mai santsi na danne takarda, a ɗaga. Ba gugawa, ba ja. A jira wurin ya bushe, a sake. Kowane ɗagawa sai gabana ya faɗi, don ban san ko zan ga sunan a kan takardar shan ruwa ba. Tawadar da aka yi don a wanke ta daga allo ta yi halinta, ta riƙa tashi kaɗan-kaɗan. A rana ta uku, wajen la'asar, siririn layin asali ya fara leƙowa daga ƙarƙashin nawa.

Bai fita duka ba, kada in yi muku ƙarya. Gawayi ya shiga cikin gashin takarda, ya bar wata inuwa toka-toka kewaye da sunan. Na ce zan ƙara kwana biyu ko ta ragu. Madam Haruko ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Bar shi haka. Ga shi nan, na gane shi." Da na sa takardar a gilashi zan rufe bayan katakon, sai ta tambaye ni sunana, ta karɓi fensir ta yi wani ɗan rubutu da haruffansu a cikin allon baya, can ƙasa a gefen hagu, siriri. Ta kira ni da girmamawa irin tasu ta ce, "Isuhu-san, masassaƙin da ya sassaƙa wannan ba a sa sunansa ba. Kai na sa naka." Na rufe, na buga ƙusoshi. Ban sake ganinta ba.

Tun daga ranar ban ƙara ɗora alƙalami a kan takardar wani ba. Abin da ya ɓace ya ɓace, namu shi ne mu riƙe abin da ya rage. Mahaifina yana da gaskiya a zaurensa, don shi ya san abin da harafin ke cewa. Ni ban sani ba.

Da Madam Odil ta tsufa hannunta ya fara rawa, ta rufe ɗakin Lyon, ta haɗa ni da wani dillali a Paris, ta ba ni burusanta da rariyar da muciyar. Na kama ɗan ɗaki a bayan wani tsakar gida, taga ɗaya, ba allo a ƙofa. Shekarar annobar korona ita ce mummunar shekarata. Aiki ya tsaya cak, gidajen gwanjo a rufe. Ina zuwa da takardar izinin fita in dama kunu, don kada hannu ya manta, bayan kwana uku ya yi tsami in zubar. A cikin watannin nan Madam Odil ta rasu a gidan tsofaffi a Lyon, ba a bar kowa ya je ba. Wata ma'aikaciya ce ta kira ni, wai lambata ce kaɗai a littafinta da ba a soke ba. Matar nan ba ta taɓa cin abinci a ɗakina ba, ni ban taɓa shiga gidanta ba, amma ita kaɗai ce a ƙasar nan ta san abin da hannuna ya iya. Na yi kewarta fiye da yadda na zata, har "zubar, sake" ɗin nata.

Bara, da kaka, dillalin ya aiko mini da kaya guda shida, takardu a cikin gilashi da katako, da ya saya a gwanjon kayan mamata a Lyon, ya ce in cire su daga tsofaffin katakai in sa a sababbi. Na huɗun, tun kafin in juya shi na gane ƙusoshina. Na juya, ga ƙattin sunaye, ga gefen hagu da na cike, ga siririn suna da inuwarsa. A takardar gwanjon an rubuta cewa tallar wasa ce, ba a san tarihinta ba, tana da ɗan tabo a ƙasa. Na fahimci Madam Haruko ta rasu, kuma wanda ya kwashe ɗakinta bai san kowa a takardar ba.

Na zare ƙusoshin na ɗaga allon baya. Rubutun fensir yana nan yadda ta bar shi. Na zauna na daɗe, ni kaɗai a ɗakin, da sunaye biyu a gabana da ban iya karanta ko ɗaya ba, kuma duk duniya ni kaɗai na san na su wane ne.

Washegari dillalin ya kira ya ce, "Isuhu, tabon nan na ƙasa, ba za ka iya yanke gefen ba? Santimita ɗaya kawai, ba mai lura." Na ce masa ba na yankewa. Ya ce to a rufe shi da kwalin gefe. Na ce shi ma ba na yi, in yana so ya kai wa wani. Ya yi tsaki ya ce in yi yadda na ga dama, tsofaffi sai a bar su. Na sa sabon gilashi da sabon katako, amma allon baya tsohon na mayar. A wata 'yar takarda na rubuta da Faransanci cewa suna na ƙarshe a gefen hagu na mutumin da ya yi shekara arba'in yana ƙafar doki ta baya ne, kada a ƙara masa, kada a rage. Na liƙa ta a ciki da kunu, kusa da rubutun fensir. An sayar da ita bayan wata biyu, ban san wa ya saya ba, ban san ƙasar da ta tafi ba.

To, Bashir, ka ji liƙe-liƙen. Idona ya fara gajiya, burusan Madam suna nan rataye, ba wanda ya taɓa tambayata yadda ake riƙe su. In wata Asabar ka rasa abin yi, ka sauka a tasha ta uku bayan shagon Alhaji, ka shiga tsakar gidan da ke kusa da mai gyaran takalma. Ba suna a ƙofar, ka ƙwanƙwasa ta ƙarshe a hagu.